Me Ke Kai Mu Wurin Mai Kemis?

A wannan wata za mu taɓo wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a zangunanmu, daga Nima ta Ankara har Sabon Zango na Kumasi. Da zarar ciki ya murɗa ko mura ta kama mu, sai mu aiki yaro kemis ya sayo kafso ja-da-yalo guda huɗu. Babu gwaji, babu takardar likita. Waninmu ma yakan fasa kafson ya barbaɗa a gyambo.

Shin me ya sa? Kada mu yi saurin cewa jahilci ne. Mai sayar da waake da shinkafa, in ta je asibiti ta bi layi tun safe har la'asar, cinikin ranar ya tafi ke nan. Shi kuwa mai kemis ɗan unguwa ne, yana jin Hausa, yana ba da bashi, yana kuma sayar da ƙwaya ɗai-ɗai gwargwadon aljihun mutum. Haka nan dattawanmu ba su manta da zamanin biya-kafin-magani ba, wanda ya sa aka kafa dokar inshorar lafiya a 2003. Tsoron kuɗin asibiti tun lokacin ya zauna mana a rai. Ga kuma maƙwabciya mai cewa, "Yaya, wannan na sha bara na warke."

To amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Irin waɗannan magunguna ƙwayoyin bakteriya kaɗai suke kashewa. Mura kuwa bairos ke kawo ta, don haka kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan. In muka sha ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, su yaɗu cikin gidan haya mai banɗaki ɗaya. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, ƙwayoyin da ba su jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Ke nan ranar da ɗanmu zai kwanta da ciwon huhu na gaske, maganin da muka saba sha kamar gyaɗa yana iya kasa ceton sa.

Saboda haka mu sabunta katin inshorarmu tun kafin ciwo ya zo. In likita ya rubuta magani, mu sha yadda ya ce, kada mu ajiye saura don wani. Sarakunan zango da shugabannin mata kuma su nema mana ma'aikatan lafiya masu jin Hausa a asibitocin unguwa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.