Dandalin Ɗalibai: Idan Aka Yi Laifi a Sararin Sama, Dokar Wa Ke Aiki?

 A makon jiya wata gardama ta kaure mana a ɗakin kwanan ɗalibai bayan sallar isha, har sai da aka ɗauke wuta muka ci gaba da fitilar waya. Wani abokinmu mai karatun lauya ne ya jefo tambaya: idan mutum ya yi laifi cikin jirgin da ya tashi daga wata ƙasa, ya sauka a wata, kotun wa za ta hukunta shi? Muka ce ai da sauƙi, ƙasarsa mana. Ya yi dariya, ya ce mu je mu karanta abin da ya faru a Yamai a 1993. Mun je mun karanta, ga abin da muka tsinto.

Ranar 25 ga Oktoba 1993 wani jirgin kamfanin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 ya tashi daga Legas zuwa Abuja da mutane fiye da ɗari. Yana cikin tafiya wasu samari huɗu suka miƙe suka ƙwace akalarsa. Ɗaya daga cikinsu, Richard Ogunderu, shekararsa 19 kacal, wato sa'anmu ne. Sun ce su 'yan wata ƙungiya ce mai suna MAD, kuma abin da ya fusata su shi ne soke zaɓen 12 ga Yuni da gwamnatin Janar Babangida ta yi. Buƙatarsu a kawar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, a miƙa mulki ga Cif M.K.O. Abiola. Jamus suka so a kai su, amma man jirgin ba zai kai ba, sai aka sauka a Yamai. Suka yi barazanar cinna wa jirgin wuta idan ba a biya musu buƙata ba. Bayan kwana uku ana ja-in-ja, jami'an tsaron Nijar suka afka cikin jirgin da dare suka kama su. An rasa ran ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin.

To, ga inda tambayar abokinmu ta shigo. Jirgin na Najeriya ne, samarin 'yan Najeriya ne, rigimar ma ta Najeriya ce, amma a kurkukun Nijar suka shafe fiye da shekara tara. Me ya ba Nijar wannan hurumi?

Amsar tana cikin wasu yarjejeniyoyi uku da ƙasashen duniya suka ƙulla ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ICAO. Ta farko ita ce ta Tokiyo ta 1963. Ita ta ce ƙasar da aka yi wa jirgi rajista tana da hurumin hukunta laifin da aka yi a cikinsa, ko a ina yake tashi. Ta kuma ba matuƙin jirgi ikon sa a ɗaure fasinjan da ke neman jefa jirgi cikin haɗari, ya miƙa shi ga hukuma idan an sauka. Sai dai ta bar wata ƙofa a buɗe: ba ta tilasta wa ƙasar da ɗan fashi ya sauka ta hukunta shi ba. Saboda haka masu ƙwace jirage suka riƙa neman ƙasar da za ta yi musu maraba, musamman tsakanin Amurka da Kyuba.

A Satumba 1970 wata ƙungiyar Falasɗinawa ta karkatar da jirage uku zuwa wani fili a hamadar Jodan, ta sauke mutane, ta tarwatsa jiragen a gaban 'yan jarida. A Disambar wannan shekara aka sa hannu kan yarjejeniyar birnin Hague na ƙasar Holan. Ƙa'idarta gajeriya ce: duk ƙasar da ɗan fashin jirgi ya faɗa hannunta, ko ta miƙa shi ga ƙasar da ke nemansa, ko ta gurfanar da shi da kanta. Babu zaɓi na uku. Ta kuma ba ƙasar da jirgi ya sauka da mai laifi a cikinsa hurumin shari'a, kuma matsayin Nijar ke nan a 1993. Ta uku, ta Montreal ta 1971, ta haɗa da dasa bam da lalata jirgi ko na'urorin da ke yi masa jagora.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda ake toshe ko da ƙaramar kafa. Birtaniya tana da yankuna 14 a ƙetare, irin su Bermuda da Gibraltar da tsibiran Cayman, kowanne da majalisarsa ko hukumarsa. Dokar da majalisar Landan ta yi ba ta aiki a can kai tsaye, sai an fitar da umarni na musamman da sunan Sarki. Ta wannan hanya aka miƙa musu dokar tsaron jiragen sama ta 1982 da hukunce-hukuncen fashin teku. Kada mu raina ƙanƙantar waɗannan tsibirai: kafin 2022 ɗaruruwan jiragen da kamfanonin Rasha ke amfani da su a Bermuda aka yi musu rajista. Da dokar ba ta kai can ba, da an bar wawakeken giɓi, kuma ɓarawo ba ya neman inda katanga ta fi tsawo.

Fashin teku kuwa dokarsa daban ce, ta ma girmi jirgin sama. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce sai an kai hari daga wani jirgi zuwa wani, don amfanin kai, a tekun da ba mallakin kowace ƙasa ba. A nan kowace ƙasa na iya kama 'yan fashin ta yi musu shari'a. Idan kuwa cikin mil 12 na gaɓar wata ƙasa ne, to fashi da makami ne, shari'arsa na hannun mai gaɓar. Najeriya ta yi tata dokar yaƙi da fashin teku a 2019, lokacin da mashigin tekun Gini ya yi ƙaurin suna.

Da muka koma wa abokinmu da wannan bayani, sai gardamar ta sake salo. Wasu suka ce samarin nan jarumai ne, sun tsaya wa gaskiya lokacin da manya suka yi gum. Mu dai ba mu musa cewa soke zaɓen zalunci ne ba. Amma mu duba sakamakon. Shonekan ya sauka ranar 17 ga Nuwamba 1993, wanda ya gaje shi kuwa Janar Sani Abacha ne. Abiola ya rasu a tsare a 1998, alhali samarin suna kulle a Nijar. Fasinjojin da suka kwana uku cikin fargaba ba su ne suka soke zaɓe ba, haka ma'aikacin da ya rasa ransa. Shi ya sa yarjejeniyar Hague ba ta tambayar dalilinka, mai kyau ne ko maras kyau. Abin da ka yi wa mutanen da ba su da hanyar tsira take dubawa.

Kuma ɓarnar ba ta tsayawa kan mai ita. Bayan yunƙurin da wani matashi ɗan Najeriya ya yi na tayar da bam cikin jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba 2009, Amurka ta sa matafiya daga Najeriya cikin jerin waɗanda ake yi wa bincike na musamman. Ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya duk suka ɗanɗana, wake ɗaya ya ɓata gari.

Mu ma muna da abubuwan da ke ci mana tuwo a ƙwarya: yajin aiki, tsadar kuɗin makaranta, rashin aiki bayan kammalawa. Fushinmu halak ne. Abin da za mu tambayi kanmu kafin mu bi duk wanda ya ce mu fito shi ne: wa zai biya kuɗin wannan hanya, wanda ya zalunce mu, ko wani bawan Allah da ya fito neman abincinsa?

Ku aiko mana da ra'ayinku: jarumai ne samarin Yamai, ko masu laifi? Za mu kawo wasu daga cikin amsoshinku a fitowa ta gaba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.