Haidurojin daga sharar nukiliya: ina ribar take?

Wani marubuci ya ce tururin da ke fita daga tsohon makamashin nukiliya yana farfasa ruwa, don haka a tara haidurojin ɗin da ke tasowa, a samu makamashi kyauta ba tare da gurɓata muhalli ba.

Tururin yana farfasa ruwa, wannan gaskiya ne. Amma nawa ake samu? Bayan shekara 10 da cire shi daga tukunyar nukiliya, tan guda na makamashin ba ya ba da ƙarfin da ya wuce kimanin kilowat 1, kuma abin da ke komawa haidurojin a tsagwaron ruwa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƙwan lantarki guda ke nan. A kan wannan za a gina masana'anta?

Sai batun tsabta. Ruwan da ake jiƙa makamashin a ciki yana ɗauke da tiritiyam, wanda shi ma haidurojin ne mai tururi. Da wace matata za a raba shi da sauran haidurojin, kuma wa zai biya?

Haidurojin kuwa yana iya kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iska. A 2001 irin wannan iskar ce ta fasa bututu a tashar Hamaoka ta Japan da ta Brunsbüttel a Jamus. Injiniyoyi suna fama su kawar da ita, marubucin kuwa yana so a tara ta kusa da sharar.