SUNA SON HANNUNTA, BA SA SON GOYONTA

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya saurari hirar dare a ɗakunan kwana na Amina da Ribadu, ko ya ratsa rumfunan masu buga takardu a Samaru da Sabon Gari, ya san zancen da ya fi kowane kasuwa a yau, wato zancen fita waje. Nas tana tilawar Turancin jarrabawa, likita yana tara kuɗin jirgi, mai digirin ilmin zaman jama'a yana neman kowace ƙofa ce ta samu. Ba mu ga laifin kowa ba. Mun san albashin da ake biyan yayyenmu, mun kuma san wahalar da suke sha kafin ya zo hannu. Amma akwai tambaya ɗaya wadda dillalan biza ba sa so a yi musu, iyaye kuma kunya takan hana su furta ta: idan yarinyar nan ta tafi da juna biyu, ko ta samu a can, ina makomarta? Tun da manya sun yi shiru, mu za mu yi magana.

Bari mu ɗauki Ingila, domin can ne mafi yawan ma'aikatan lafiyarmu suka nufa. Gaskiya ɗaya ce, kuma za mu faɗe ta ko da ta taimaki abokin gardama. A bisa takarda, dokar Ingila ba ta hana mai ciki biza ba. Dokar daidaito ta 1 ga Oktoba, 2010 ta haramta korar mace saboda ciki. Kowace ma'aikaciya tana da ikon hutun haihuwa har mako 52, ko da jiya ta kama aiki. Awon ciki da haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati ga mai bizar aikin lafiya. Wannan shi ne abin da dillali zai karanta maka da babbar murya. Saura abin da yake rufewa da tafin hannu.

A ƙaddara wata 'yar'uwarmu ce, ta yi karatun jinya, ta yi aiki a Shika, ta yi aure. Ta shafe watanni tana jarrabawa da jiran takardu, rayuwa kuwa ba ta jiran ofishin jakadanci. Ranar da biza ta fito tana da ciki wata huɗu. Tun kafin ta tashi ta gamu da gwajin tarin fuka, wanda wajibi ne ga mai zuwa daga Nijeriya: ko ta yarda a ɗauki hoton ƙirjinta da ciki, ko ta ba da majina ta jira har mako takwas, ko ta dakata sai ta haihu. Mai aikin da ya ɗauke ta kuwa ya riga ya sa ranar farawa.

To ta isa. Hutu dai an ba ta, amma da me za ta ci? Kuɗin haihuwa da doka ta ɗora wa mai aiki ba ya samuwa sai mace ta yi masa aiki mako 26 a jere kafin ya rage mako 15 ta haihu. Ku haɗa lissafin da kanku: mako 41 ke nan, ciki kuwa mako 40 ne. Ma'ana, duk wadda ta sauka daga jirgi da ciki ta riga ta faɗi wannan jarrabawa. Akwai alawus na biyu daga gwamnati, shi kuma yana bukatar aikin mako 26 cikin mako 66 da suka gabaci haihuwa, ita kuwa abin da ya rage mata bai kai haka ba. Ƙarin da asibitocin gwamnati ke yi wa ma'aikatansu sai wadda ta cika shekara guda tana aiki. Ga kuma sharaɗin da aka liƙa wa bizarta, cewa ba ta da rabo a taimakon gwamnati: babu kuɗin yara, babu tallafin haya. Haraji dai za ta biya tun daga albashinta na farko, daidai da kowane Bature. Wace irin adashi ce wannan, da ake karɓar zubinka amma a ce ba ka da kwasa?

Wani zai ce ai sai ta kai ƙara in an zalunce ta. Da wane baki? Bizar ƙwararru a ɗaure take da sunan mai aiki guda. In aikin ya ƙare, ko aka ƙwace lasisin mai aikin, abin da akan bar mata kwana 60 ne ta sami wani mai ɗaukar nauyinta ko ta tattara kayanta. Ku gaya mana wane ne zai yi rububin ɗaukar mace mai ciki wata bakwai cikin kwana 60. Wannan ba tatsuniya ba ce. Gwamnatin Ingila da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Kamfani ne ya yi laifi, ma'aikaciya ce ta kwana da fargaba. A wasu kwantiragin ma akan rubuta cewa wadda ta bar aiki da wuri za ta biya dubban fam na kuɗin da aka ce an kashe mata. Mace mai irin wannan igiya a wuya, ko an sa ta ɗaga tsoho mai nauyin buhun masara da tsohon ciki, haɗiye kukanta za ta yi. Haƙƙin da mai shi yake tsoron nema, sunansa kawai haƙƙi.

Sa'an nan ga kaɗaici. Daga 11 ga Maris, 2024 aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi tafiya da miji ko 'ya'ya, a 22 ga Yulin 2025 kuma aka rufe ƙofar ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Nas da likita suna iya tafiya da iyali, amma iyali a wurin Bature miji ne da ƙananan yara. Uwa ba ta ciki, balle gwaggo ko inna. Mu kuwa mun san yadda ake haihuwa a ƙasar Hausa. Akan tafi goyon ciki gidan iyaye. Akwai mai dafa ruwan wanka, akwai mai dama kunun kanwa, akwai mai karɓar jariri don mai jego ta runtsa, har a yi arba'in. Kakanninmu ba su karanta littafin likita ba, amma sun gane cewa mace ɗaya ba ta iya ɗaukar jego ita kaɗai. A can kuwa ɗaki ɗaya ne, da sanyi, da miji mai aikin dare in ma yana nan. Jaririn da aka sha wannan wahala dominsa, kada a ruɗe ku, ba ɗan ƙasa ba ne. Tun 1 ga Janairu, 1983 haihuwa a ƙasar Ingila ta daina ba da 'yancin zama ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko mai izinin zaman dindindin.

Wanda ya san tarihi ba zai yi mamaki ba. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970, dubban 'ya'yan ɗalibai da ma'aikatan jinya 'yan Nijeriya da Gana aka bai wa Turawa riƙo a ƙauyukan Ingila, domin iyayen ba su da mai reno kuma ba su da halin ajiye aiki. Da yawa daga cikin yaran nan sun tashi ba su san harshen iyayensu ba. Tsarin da ya kwashi gyaɗarmu da audugarmu ta jirgin ƙasa zuwa Ikko shi ne yau yake kwasar ƙwararrunmu ta jirgin sama. Da can yakan ɗauki gyaɗa ya bar mana ɓawo. Yau yana son hannun da ya iya allura, amma ba ya son cikin da ke ɗauke da ɗa. Wasu ƙasashen ma ba sa ɓoyewa. A Singafo, baƙuwa mai aikin gida ana yi mata gwajin ciki duk wata shida, in an samu sai ta bar ƙasar. Ingila ta fi su ladabin magana, amma lissafin jari-hujja iri ɗaya ne ko'ina: a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Sai dai Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Da dukiyar talakan Giwa da Soba da Maƙarfi aka horar da waɗannan mata. Me shugabanninmu suka yi don kare su? A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo ƙudurin tilasta wa likitoci aikin shekara biyar kafin a ba su cikakken lasisi. A Fabrairun 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta fito da sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita. Duk dabararsu ta ƙare a kan ɗaure ƙafa. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa shekarun nan da ake son a tsare mace su ne shekarun aurenta da haihuwarta ta fari. Kuma da yake Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi farautar ma'aikatan lafiyarsu, kowace yarinya ita kaɗai take neman aikinta, ita kaɗai take sa hannu. Kenya ta ƙulla yarjejeniya da Ingila kan ma'aikatan lafiya a 2021. Filifin tana da ma'aikata sukutum ta 'yan ƙasarta masu aiki a waje. Mu kuwa namu sai dillali da addu'ar uwa.

A gida ma ba mu wanke hannu ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 kawai ta tanada, kuma rabin albashi ya wadatar a wurinta. Jihar Kaduna ta ƙara hutun haihuwa zuwa wata shida ga ma'aikatanta a 2019, mun yaba, amma nas ɗin asibitin kuɗi a Sabon Gari wa ya tuna da ita? Wanda bai daraja haihuwa a gidansa ba, da wane ido zai kalli baƙo ya ce a daraja masa 'yarsa?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta haɗa kai da malaman shari'a na Kongo a riƙa zama da 'yan ajin ƙarshe na fannin lafiya ana karanta musu irin waɗannan kwantiragi layi-layi, ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, Gwamnatin Tarayya, wadda ta amince da manufar ƙaurar ma'aikatan lafiya a Agustan 2024, ta sa maganar ciki da haihuwa da reno a gaban duk wata yarjejeniya da za ta yi da ƙasar waje, ta kuma tanadi jami'i a ofisoshin jakadancinmu wanda mai jego za ta iya kira. Na uku, ƙungiyoyin ma'aikatan jinya da na likitoci su fallasa dillalan da ke ce wa mata su ɓoye ciki ko su jinkirta haihuwa don a sami biza. Na huɗu, a gyara dokar ƙwadagonmu, cikakken albashi ga kowace mai jego, ta gwamnati da ta kamfani.

Ku kuma 'yan'uwanmu maza, masu zuga matanku su yi gaba ku biyo baya, ku ji tsoron Allah. Ku zauna ku lissafa makonnin nan tare da su kafin a sayar da fili a sayi tikiti. Ke kuma 'yar'uwa, ilminki naki ne, tafiya ko zama shawararki ce. Abin da muke roƙo kawai shi ne kada ki sa hannu a takardar da ba ki tambaye ta ba: ranar da na haihu, wa zai biya haya, wa zai riƙe mini ɗa, kuma kwana nawa gare ni in mai aikin ya juya baya? In dillali ya kasa amsawa, ki tashi ki bar masa kujerarsa.