Ra'ayi: Motar haɗin gida ta ci bizit a Ingila, wadda ta faɗi kuma ta kamo hanyar Yamai

A Ingila akwai masu sayen mota a cikin akwatuna. Kamfanin Caterham, wanda ya sayi izinin ƙera ƙaramar motar Lotus Seven a 1973, har yanzu yana sayar da ita gunduwa-gunduwa ga mai son ya haɗa abarsa a garejin gida. Wasu kuma tsohuwar irin wannan mota suke tsinta, wadda ta yi shekaru a ƙarƙashin tamfol, su kwance ta kaf, su mai da ta sabuwa. Hukuma ba ta hana ba. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin taya ta taɓa kwalta, sai motar ta ci jarrabawa.

Sabuwar haɗi tana zuwa gwajin da ake kira IVA, wanda ya fara aiki a 2009. Ana duba birki, fitilu, mazaunin bel, agogon gudu da ƙarar salansa. Har ƙwallo mai faɗin milimita 100 ake bin jikin motar da shi, duk bakin ƙarfen da ya taɓa sai an tarar an dakushe shi, don kada ya yanki mai tafiya ƙasa. Wadda ta riga ta sami lamba kuma, bizit ɗin shekara-shekara na MOT ke jiran ta.

Inda masu gyara suka fi shan wuya shi ne hayaƙi. Injin esansi mai tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira katalizar, idan aka taka shi zuwa juyi 2500 ko 3000 a minti, iskar guba ta CO ba za ta wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba, ma'aunin cakuɗar iska da mai kuma ya tsaya tsakanin 0.97 da 1.03. Ƙaramin rami a salansa ya isa ya zuƙo iska ya rikita na'ura, mutum ya faɗi alhali injinsa lafiya lau. Tukunyar da ba ta yi zafi ba ita ma tana kayar da mai ita. Amma akwai adalci a ciki: a gwajin IVA da shekarun injin ake auna motar haɗi. Tsohon inji na ƙarshen shekarun 1980 ana yi masa sassauci har kashi 3.5, in dai mai shi ya kawo shaidar shekarar da aka ƙera shi. Ba shaida, ba sassauci.

Ga masu cewa bizit cikas ne ga mai aikin hannu, wannan ya isa amsa. Takardar ce ke mai da tarin ƙarafa mota mai lamba, mai inshora, mai kuɗi a kasuwa. Makanikan Maradi da Damagaram da ke tayar da mota ɗaya daga gawar motoci uku ba su gaza ɗan Ingila basira ba. Abin da ya fi su da shi na'ura ce da ke gaskata aikinsa a rubuce.

Sai dai ina motar da ta faɗi a Turai take zuwa? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka. Binciken da Holan ta yi wa nata ya nuna yawancinsu ba su da takardar bizit mai rai lokacin da suka bar ƙasar, wasu ma an cire musu katalizar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Hayaƙin da aka hana a can, ɗan kabu-kabu da mai tallar bakin titi ke shaƙar sa a Yamai.

A nan ƴan ci-rani suke da abin yi. A Faransa ba a sayar wa mutum motar da ta wuce shekara 4 sai da takardar bizit da ba ta kai wata 6 ba. Wanda zai aiko wa iyali mota ya nemi wannan takarda, ya karanta laifukan da aka jera a ciki, ya sa a leƙa ƙarƙashi a ga tukunyar tana nan. Arahar da ta fito daga faɗuwa bizit, ƙanensa ne zai biya ta a gareji.

Gaskiya ne aljihun talaka ba ya ɗaukar motar shekara biyar, kuma dokar da ta yi tsanani fiye da kima takan haifi cinikin takarda kawai. Shi ya sa salon auna kowane inji da zamaninsa ya fi dacewa da Nijar. CEDEAO ta tsayar da ma'aunin Euro 4 ga motocin shigowa daga 2021, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Yanzu ya rage wa magabatan Yamai su faɗi ma'aunin da za a bi, da kuma ƙofar da makanike zai kai motar da ya tayar a auna ta.