Idan Bindigar Maharbi Ta Tsage

A ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, akwai gidaje da dama da za a tarar da bindigar toka a jingine a lungun ɗaki. Wasu suna kiran ta adaka, wasu kuma harba-ka-ruga. Ita ce bindigar da ake ɗura mata albarushi da harsashi ta baki, a danna su da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake sabon ɗuri. Da ita maharba suke neman zomo da fakara da gada bayan an kawar da amfanin gona. Yawancin irin waɗannan bindigogi sun tsufa, wasu ma gado ne daga uba ko kaka. Saboda haka ko ba jima ko ba daɗe mai bindiga zai ga wani lahani a jikinta, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa: a kai ta maƙera a gyara, ko a haƙura da ita?

Amsar da ilimin kimiyya ya bayar ba ta da wuyar faɗi. Idan lahanin yana jikin ƙota ne, ko kunama, ko abin da ke ƙyasta wuta, to a gyara. Idan kuwa bututun ƙarfen ne ya tsage, ko ya kumbura, ko tsatsa ta ci shi ta ciki, to aikin wannan bindiga ya ƙare, kome darajarta a wurin mai ita. Abin da ke da wuya shi ne gamsar da maharbin da zai ce ai jiya ma ya harba ta, kuma ba abin da ya faru.

Gyaran ƙota tsohuwar sana'a ce, kuma babu laifi a cikinta. Itace ne, in ya tsage a naɗe shi da ɗanyar fata, in ta bushe ta matse shi, ko kuma masassaƙi ya sassaƙa sabo. Kunamar da ta yi laushi ma maƙeri yana iya canja ta, kuma ya kamata a gaggauta, domin bindigar da ke tashi ba a taɓa ta ba haɗari ce ga abokan farauta. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wannan dabara ta naɗi a kai ta kan bututu.

Abin da ke faruwa a cikin bututu

Albarushi haɗi ne na abubuwa uku: gawayi, da farar wuta, da wani gishiri da masana ke kira fotashiyam naitiret. Gishirin nan shi ne ke ba da iskar oksijin, shi ya sa albarushi yake ci ko a rufaffen wuri. Da zarar wuta ta taɓa shi, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai ya rikiɗe ya zama iskar gas mai zafin da ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Wannan iska tana neman fili, kuma ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Yadda take tura harsashi, haka take tura bangon bututu ta kowane gefe, da matsin da ya ninka na tayar mota sau ɗari ko fiye. Harsashi yana fita ne kawai saboda shi ne ƙofa mafi sauƙin buɗewa. Ranar da wani wuri a jikin ƙarfen ya fi harsashi sauƙin turawa, ta nan wutar za ta fita.

Ɗalibin fizik zai iya lissafa wani abu a nan. A cikin kowane bututu mai siririn bango, ƙarfin da ke neman buɗe shi ta kewaye ya ninka wanda ke jan sa ta tsawo sau biyu. Wannan ne dalilin da ya sa bututun famfo idan ya fashe yakan tsage a tsaye, kamar an tsaga kara. Matsin kuma ya fi tsanani a gindin bututu, inda albarushi yake zaune, wato daidai tsakanin fuskar maharbi da hannunsa na hagu.

Sai maganar tsaga. Duk wanda ya taɓa kallon mai sayar da yadi ya ga yadda yake yi: ba ya iya yaga yadi da hannu sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, daga nan sai ya ja, yadin ya bi. Ƙarfe ma haka yake. A shekarar 1913 wani injiniya ɗan Ingila mai suna C. E. Inglis ya nuna da lissafi cewa ƙarfin ja yana taruwa ne a tsinin tsaga, kuma iya sirantakar tsinin iya yawan taruwar. Bayan shekaru kaɗan A. A. Griffith ya ƙara bayanin cewa kowace tsaga tana da wani tsawo wanda in ta kai shi, ba ta ƙara rarrafe, sai ta ruga gaba ɗaya. Kowane harbi yana ƙara mata ɗan tsawo, kamar yadda waya take karyewa idan an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Ita ce ta tarwatsa jiragen sama biyu samfurin Comet a sararin sama kusa da Italiya a 1954, jiragen da suka yi tafiye-tafiye masu yawa lafiya kafin ranar. Don haka hujjar cewa jiya an harba ba abin da ya faru ba hujja ba ce. Harbin jiya shi ne ya matso da tsagar kusa da iyakarta.

Tsatsa kuwa a ɓoye take aikinta. Fiye da rabin nauyin albarushi ba ya zama gas, baƙar dauɗa yake bari a cikin bututu. Wannan dauɗa tana tsotsar laima daga iska, musamman da damina, tana cin ƙarfe tana haƙa ƙananan ramuka. Bindiga tana iya yin ƙyalli a waje saboda shafa mai, alhali ta ciki ta zama kamar itacen da gara ta ci.

Da wannan za a gane dalilin da ya sa naɗa waya ko robar taya a kan tsaga yaudarar kai ne: an rufe wa ido ita, ba a rage mata kome ba. Walda ta fi kama da gyara, amma mai walda ta waje yake liƙewa, tsagar tana nan ta ciki, kuma zafin wutarsa yana canja yanayin ƙarfen da ke gefen ɗinkin, wani lokaci ya bar shi da gautsi.

Hujjojin masu cewa a riƙe

Masu ƙin rabuwa da tsohuwar bindiga ba wawaye ba ne. Na farko akwai kuɗi: sabuwa tana iya cin buhun hatsi, ga iyali. Amma a ɗora wannan a sikeli ɗaya da yatsun manomi. Wanda ya rasa hannun hagu ya rasa fartanya da garma har abada, ban da kuɗin asibiti a Katsina.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. A shekarun da hare-haren ɓarayin daji daga yankin dajin Rugu suka addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa, har suka taɓa Kurfi da Dutsin-Ma, bindigar da aka saya don zomo ta koma abin da magidanci yake kwana da shi a kusa. Kalmar 'yan bindiga kanta, wadda a da take nufin masu harba bindigar toka a hawan Sallah, ta koma sunan masu kai hari. Lamarin ya kai ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a watan Oktoba na 2023. Mutumin da ya ga irin wannan zamani, in aka ce ya jingine bindigarsa, zai ji kamar an ce ya cire ƙyauren gidansa. Sai dai a lura da halin mai tsoro. Yana ƙara albarushi fiye da ƙa'ida, yana barin ɗuri ya kwana makonni a ciki yana jan laima, cikin duhu kuma yana iya yin ɗuri a kan ɗuri. Duk waɗannan suna ƙara wa bututu nauyi. Ashe bindiga mai tsaga ta fi kusa da fashewa a daren da aka fi dogara da ita.

Akwai kuma hujja ta uku, wadda ita ce mafi wuyar amsawa: wa ya ce sabuwar ta fi tsohuwar? Maƙeran yau sukan yi bututu da abin da suka samu, ko bututun famfo ko ƙarfen sitiyarin mota. Bututun famfo na yau da kullum farantin ƙarfe ne aka naɗe aka ɗinke da walda a tsaye, wato ta fuskar da matsi ya fi son tsagawa, kuma don ruwa aka yi shi. Matsalar ba sabuwa ba ce. Turawa suna kiran wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana ta yau, kuma wasu daga cikin bindigogin da aka riƙa ƙerawa a Turai don kasuwar Afirka sun yi ƙaurin suna wajen fashewa. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu irin wannan. Su kuwa a gida, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a birnin Bamingham, inda ake harba kowane bututu da ɗurin da ya wuce na kullum, a cikin ɗaki mai kauri ba kowa a kusa, sannan a buga masa hatimi kafin a sayar. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a aji na daban, ta sa lasisin riƙe su da izinin ƙera su a hannun hukuma. Amma maƙerin ƙauye ba shi da gidan gwajin da zai kai aikinsa. Hannun mai saye ne gidan gwajin.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ba ta wanke tsohuwar bindiga ba. Sabuwa tana iya zama da lahani; mai tsaga kuwa an riga an ga nata. Abin da hujjar ta nuna shi ne a bincika sabuwar ma kafin a biya.

Binciken ba ya bukatar manyan na'urori. Matan da ke sayen tukunya a kasuwa suna ƙwanƙwasa ta su saurara. Lafiyayyen ƙarfe ma yana amo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa suna da wata dabara: a shafa wa ƙarfe mai da aka sirka da kananzir, a goge shi tas, a shafa alli, man da ya ɓuya a cikin tsaga zai fito ya zana ta a kan farin allin. Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da tsohon bututun famfo, ba tare da an shigo da bindiga makaranta ba. Ya kuma faɗa musu iyakar dabarar: tana iya tabbatar da cewa akwai tsaga, ba ta iya tabbatar da cewa babu.

Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya tun 2011. Da malaman fizik da na ƙere-ƙere za su zauna da shugabannin maharba da na maƙera, da sanin 'yan sanda da fadar Yandaka da ta Maradin Katsina a Kurfi, sai a tsayar da rana ɗaya kafin lokacin farauta a duba bindigogi. Wadda ta faɗi ba sai an jefar da ita ba. A tabbatar babu ɗuri a cikinta, maƙeri ya toshe bakinta da kafar wutarta yadda wani yaro ba zai iya ɗura ta ba nan gaba, a rataye ta a zaure da layunta da fatarta, jikoki su san da ita kakansu ya yi farauta.