Ɗaki Ɗaya, Aji Huɗu: Zaɓen Manhajar Harshe a Gidan Bahaushe a Aljirif

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, ya rufe makarantun birnin, karatun yara ya dawo hannun iyaye. A watan Oktoba na shekarar, UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Jarrabawar kammala sakandare ta 2023 ma ba ta yiwu ba sai a Disambar 2024. Bayan da sojoji suka karɓe Hartum a Maris na 2025, jama'a sun fara komawa unguwanninsu, har da Aljirif da ke gaɓar Shuɗin Nilu. Sai dai komawa gida daban, cike giɓin karatu daban.

A ɗauki misalin gidan Bahaushe mai yara huɗu, masu shekara 6 da 9 da 12 da 15. Malaminsu ɗaya ne, ko uwa ko babbar yaya, littattafai ƙalilan, kuɗi kuma a ƙuntace. Wace manhajar harshe za a bi?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce a nemo wa kowane yaro littafin Larabci na ajinsa. Wannan amsa tana da rauni ta fuska uku. Na farko, shekaru da iyawa sun rabu: ɗan shekara 9 da ya yi shekara biyu ba aji yana iya zama bai wuce haɗa baƙi ba. Na biyu, malami ɗaya ba zai iya ba da darasi huɗu a zama ɗaya ba. Na uku, ba a koyar da Hausa a makarantun Sudan, don haka duk wanda ya kwafo manhajar makaranta sukutum ya shigo da ita gida, ya fitar da harshen gidan ke nan.

A ganina, abin da ya dace shi ne a raba darasin harshe gida biyu: karatun matakala, wanda kowa ke hawa gwargwadon iyawarsa, da karatun tabarma, wanda kowa da kowa ke zama a kansa tare. Wannan tsari ba baƙo ba ne. Haka makarantar allo take tafiya, wadda a Sudan ake kira halwa: yara masu shekaru daban-daban a gaban malami ɗaya, kowa da allonsa, ba a wanke wa yaro sai ya iya, manya kuma suna biya wa ƙanana.

Larabci shi ne na matakala, kuma a nan babu dalilin ƙirƙiro wata sabuwar hanya. Da Larabci yaro zai zauna jarrabawa, da shi zai nemi aiki a Hartum ko Omdurman. Saboda haka a riƙe littattafan gwamnati, waɗanda cibiyar manhaja ta Bakht al-Ruda ke tsarawa, wurin da aka kafa tun 1934 kusa da garin Duwaim. Abin lura kawai shi ne inda za a ɗora yaro. A ba shi shafi ya karanta a bayyane. Idan yana tuntuɓe a kowane layi, a sauko da shi littafin da ke ƙasa, ko da ƙaninsa ne ke riƙe da shi. Lambar ajin da ke bangon littafi ma tana iya ruɗarwa, domin bayan sauyin mulki na 2019 Sudan ta bar tsarin shekara 8 da 3 ta koma 6-3-3, ta yadda littafin wa da na ƙane kan fito daga tsari biyu.

Hausa ita ce ta tabarma, domin labari ɗaya yana iya ciyar da aji huɗu. A ce an yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da daddare. Washegari ɗan shekara 6 ya maimaita ta da baki. Ɗan shekara 9 ya rubuta kalmomi biyar daga cikinta. Ɗan shekara 12 ya rubuta ta duka, a duba masa rabuwar kalmomi da alamomin tsayawa. Babbarsu kuwa ta fassara ta zuwa Larabci, sannan ta tsamo nahawun da ke ciki: me ya sa ake cewa "gidan Gizo" amma "gonar Gizo", kuma yaya wannan mahaɗi na -n da -r yake idan aka gwada shi da ilafar Larabci? Idan aka samu littattafai, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya dace da ƙanana, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, ya dace da manya. Kwafi ɗaya ya wadatar, tunda a bayyane za a karanta.

Saura batun rubutu: boko ko ajami? Ɗalibin Kano ko Zariya zai ce boko, domin da shi aka buga mafi yawan littattafan Hausa tun zamanin Hukumar Talifi ta R. M. East a shekarun 1930. Amma yaron Aljirif baƙaƙen Larabci ya fara sani, a halwa da a makaranta. Idan aka soma masa Hausa da ajami, abin da zai ƙara koyo kaɗan ne: ق a matsayin ƙ, ط a matsayin ɗ, ث a matsayin c, sai ɗigon imala na wasalin e. Ajami yana kuma nuna tsawon wasali, wanda boko ke ɓoyewa. A boko, gari na mazauna da gari na tuwo rubutu ɗaya ne. A ajami, alif ya raba su. Raunin ajami shi ne ba shi da ƙa'ida guda da kowa ke bi, kuma littattafansa na yara ba su da yawa. Don haka ajami ƙofa ce, idan yaro ya fara Ingilishi ya saba da baƙaƙen Romawa sai a shigar da shi boko, a ƙara masa ɓ da ɗ da ƙ da ts.

Wani zai ce: yara sun yi asarar shekaru, ina amfanin ɓata lokaci a harshen da babu jarrabawarsa? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma shi ya sa aka bar wa Larabci kaso mafi girma na yini. Amma yaron da ya iya tsara labari da harshen da yake tunani da shi, ya riga ya samu rabin insha'in Larabci. Akwai kuma gada a tsakani: allo da alƙalami da littafi da darasi duk daga Larabci Hausa ta aro su. A gidan da Larabci ya riga ya rinjayi bakin yara, sai a fara da sauraro, rubutu ya biyo baya. Hausawa sun daɗe a Sudan, ta hanyar aikin hajji, da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 wadda ta haifar da garin Mai Wurno, da aikin auduga a Jazira. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Harshen da ba ya shiga aji, idan gida ma ya sake shi, ina zai fake?

Wani kuma zai ce littattafan Zariya duniyar Zariya suke nunawa, yaron bakin Nilu bai san ta ba. Gaskiya ne, kuma maganin yana cikin gida. Labarin da kaka ke bayarwa na yadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratso Chadi da Darfur, matani ne da ya isa a karanta. Manyan yara su rubuta shi kamar yadda ta faɗa, ƙanana su koyi karatu da shi. Idan kalmar Larabcin Sudan ta shigo, kada a kira ta kuskure. A rubuta takwararta ta Daidaitacciyar Hausa a gefe, yaro ya san duka biyun.

A nan ne ɗaliban Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo ke da abin yi. Wanda ke neman batun kundin digiri zai iya tsara ɗan littafi mai tatsuniyoyi goma, ajami a shafin dama, boko a na hagu, kowace tatsuniya da aiki hawa huɗu, kuma mai sauƙin turawa ta waya. Uwar da ke Aljirif za ta iya koyar da 'ya'yanta huɗu da shi a tabarma ɗaya.