Ƙaddara Ko Zaɓi? Gardamar Masu Wasan Tatsuniya A Kan Tebur

A wannan mako za mu leƙa wata gardama wadda ta haura shekara 50 ba ta mutu ba, tsakanin ma'abota wani wasa da aka ƙago a Amurka.

A cikin 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar ke zama kewaye da tebur, kowa ya ƙirƙiri jarumi guda ya zama bakinsa. Alƙalin wasa na ba da labari, su kuwa suna faɗin abin da jarumansu za su aikata. Watau tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da hannu a cikinta. In an zo wurin shakka, sai a jefa 'ya'yan ludo su yanke hukunci.

Kowane jarumi yana da siffofi 6: ƙarfi, basira, hikima, juriya, zafin nama da kwarjini. A dokar farko, 'ya'yan ludo 3 ake jefawa domin kowace siffa, abin da ya fito tsakanin 3 da 18 shi ne rabonka. Samun 18 kuwa sau ɗaya ne cikin 216. Masu goyon bayan wannan doka suna cewa rauni shi ke haifar da dabara, ai Gizo ma ba da ƙarfi ya yi suna ba. Masu suka kuma suka ce wasan nan akan yi watanni ana yinsa, to wane adalci ne mutum ya zama ɗan rakiya har ƙarshe domin hannunsa ya yi sanyi a daren farko? Shi kansa Gygax ya sassauta a 1979, ya kawo hanyar jefa 4 a zubar da mafi ƙanƙanta. Daga baya Champions a 1981 da GURPS a 1986 suka bai wa kowa maki daidai wa daida, ya raba su yadda ya ga dama.

Gardama ta biyu a kan sihiri take, sihirin takarda da fensir fa, wanda bai wuce tebur ba. Gygax ya aro tsarinsa daga labarun Jack Vance, marubucin The Dying Earth na 1950. Matsafi yakan haddace surkulle, da zarar ya furta shi sai ya gushe daga kansa. Sabon matsafi kuwa surkulle ɗaya tak yake da shi a yini. Ken St. Andre ya bi wata hanya dabam cikin Tunnels & Trolls a 1975, inda matsafi ke biyan kowane surkulle da ƙarfin jikinsa. A bugu na huɗu na Dungeons & Dragons a 2008, da na biyar a 2014, aka bar ƙananan surkulle kyauta, a yi ta yi ba iyaka.

To, ga nawa ra'ayin. A batun siffofi ina tare da masu rabon maki, domin abokai ne suka taru, bai kuwa kamata sa'ar minti biyar ta mai da wani sarki wani bara ba. Amma a batun sihiri ina tare da tsofaffi. Ku dubi matsafi a bakin kogo da surkulle ɗaya a kansa, abokinsa na hannun dodo, alhali bai san abin da ke jiransu a ciki ba. Ya furta yanzu ko ya adana? Wannan tsayawar da yake yi yana auna abin, ita ce daɗin wasan. In sihiri ya zama ruwan famfo, ba sauran shawara, sai jifa kawai. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka duk mai shirya dokar irin wannan wasa ya tambayi kansa: wannan iyaka da na sa, tana bai wa ɗan wasa abin da zai yanke wa shawara, ko kuwa tana ɗaure masa hannu tun kafin ya zauna? Ta farkon a riƙe ta, ta biyun a yar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.